Wasanni uku na gani a bana, na yaran unguwarmu ne ya zo na ɗaya

Tun da Disamba ta kama kowa ke jero finafinan da suka burge shi a bana. Ni dai na wasan daɓe zan yi, wanda ake yi a gabanka, ɗan wasa na gumi kana gani. Da na zauna lissafi, uku kacal na samu a wata goma sha biyu. Kunya ta kama ni, don a da har Samaru nake zuwa takanas saboda kallo a Drama Village na Jami'ar Ahmadu Bello, dandalin nan da aka gina da jar ƙasa tun shekarun 1970.

Na uku a Legas na gan shi, da aiki ya kai ni. Wani aboki ya ja ni Terra Kulture da ke Victoria Island, wurin da Bolanle Austen-Peters ta kafa, inda ake irin wasan da waƙa da rawa ke ɗauke da labarin. Makaɗa na zaune suna yi kai tsaye, fitilu na sauya launi, 'yan rawa ba mai saɓa wa wani ƙafa. Rabin zancen da Yarbanci aka yi, ban ji ba, amma ban yi gyangyaɗi ba. Sun iya, ba ƙarya. Sai dai na fito na yaba kamar yadda ake yaba gidan wani.

Na biyu ɗaliban wata sakandare ne, ranar raba kyaututtuka. Sun ɗauko Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, labarin attajirin da ya watsar da matansa saboda karuwa har ta kai shi ta baro. Labulen zanin gado biyu ne aka haɗa da allura. Yaron da ya fito a Malam Jatau babbar rigar ta fi ƙarfinsa, yana tafe yana tattare ta. Ana tsakiyar wasa aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, sai iyaye suka kunna fitilun wayoyinsu suka haska dandamalin, yara kuwa ko gezau. A wannan hasken yarinyar da ta fito a Kyallu ta yi wani fari da ido tana karɓe kuɗin Jatau, sai wata dattijuwa a bayana ta miƙe ta ce, "Allah ya isa tsakaninmu da ke, 'yar nan!" Zaure ya kwashe da dariya, yarinyar ta cije leɓe ta ci gaba da zancenta. Wannan dariyar ba a samun ta a waya, kana kwance kai kaɗai da abin saƙalawa a kunne.

Na ɗaya kuwa ko tikiti babu. Tashe ne, bayan azumi ya kai goma. Yara shida suka yi sallama a ƙofar gidanmu bayan tarawihi. Ɗaya ya manna auduga a haɓa, ya duƙa da sanda, ya yi Tsoho da Gemu, sauran na amshi suna kaɗa gwangwanin madara. Da suka ga na zauna sai suka ƙara da Jatau Mai Magani, wani ɗan firit yana zazzage tsummokara yana lissafo cututtukan da zai warkar. Ku duba fa: ga shiga, ga waƙa, ga amshi, ga rawa, ga habaici, ga 'yan kallo na biya. Me ya rage a abin da na gani a Legas, in ban da fitilu da kujeru?

Shi ya sa nake jin haushi in an ce haɗa labari da waƙa ba namu ba ne, wai daga Indiya Kannywood ta kwaso. Ta kwaso kam, irin ta saurayi da budurwa a cikin lambu. Amma tun kafin a san sinima a Kano Nalako ke zagaye gari da kiɗa yana kamun gwauraye, 'yan mata na Mairama da Daudu suna kwaikwayon zaman aure. Abin da muka gaza shi ne ɗauko wannan mu ɗora a dandamali, mu ba shi awa biyu da makaɗa na gaske, kalangu da kukuma da sarewa. Zauren taro duk an mayar na biki, masu kuɗinmu kuma sun fi gane su yi liƙi a kan su ɗauki nauyin wasa.

Bayan an tashi a makarantar nan na tare malamin Hausan da ya shirya yaran, na ce, "Malam, baɗi ma za ku yi?" Ya ce Jatau da Kyallu duk ajin ƙarshe suke, babbar rigar ma ta surukinsa ce, kuma an diga mata manja.