"Ai Ba Haramun Ba Ne"

'Yan'uwana matasa, wannan kalma ta zame mana garkuwa. Mutum ya ci har ya kasa miƙewa, ya kwana yana latsa waya har asuba ta kuɓuce masa, in ka yi magana sai ya ce ai ba haramun ba ne. Abin yana damuna ƙwarai.

Malaman Yahudawa sun daɗe suna fama da wannan amsa. A Littafin Firistoci na Attaura, sura ta 19 aya ta 2, an umarci Bani Isra'ila su zama masu tsarki. Rashi, malaminsu na Faransa da ya rasu a 1105, ya ce ana nufin nisantar alfasha. Amma Moshe ben Nahman, wanda suke kira Ramban, haifaffen Jirona ta Sifaniya a 1194, ya ga maganar ta wuce nan. Dokarsu ta halatta nama da ruwan inabi da kusantar iyali, don haka mutum zai iya zama acici, mashayi, mai sakin baki, alhali bai taka doka ko ɗaya ba. Ramban ya kira irin wannan mutum lalatacce da izinin Attaura. A wurinsa tsarki shi ne ka ja wa kanka linzami a cikin abin da aka halatta maka.

Kada ku ɗauka gudun duniya suke koyarwa. Akwai wanda suke kira Naziri, mai ɗaukar wa'adin barin ruwan inabi da aski, mafi ƙaranci kwana 30. Idan ya gama sai ya miƙa hadayar zunubi. Wane zunubi kuwa? Rabbi Elazar Hakkafar, wani malaminsu na dā, ya ce don ya hana kansa abin da Allah ya halatta. Ramban ya ce a'a, don ya sauko daga tsarkin da ya hau ne. Musa bin Maimun, wani malaminsu kuma likita da ya rasu a Masar a 1204, ya bi tsaka-tsaki, yana gargaɗi kan azabtar da jiki.

Ni dai na fi jin Ramban, domin ciwonmu a yau ba yawan zuhudu ba ne. Don Allah ka gwada yau da dare: ka janye hannu daga kwano da sauran wuri a cikinka, ka kife wayar tun ƙarfe goma.