Gwani ya koma baya, sabon hannu ya bi jagora

Duk ranar da abokai suka shirya fita yawon babur a hanyoyin karkara, tun kafin a tada inji an riga an raba matsayi ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Mai babban mashin da gwanin shan kwana su ne a gaba, matsakaita a tsakiya, shi kuwa sabon hannu, wanda bai daɗe da sayen babur ba, a bar shi can baya wai ya biyo a hankali. Ana ganin gata aka yi masa. Ni kam a wurina tsarin nan a juye yake, kuma shi ne yake yawan mayar da ranar nishaɗi ta koma ta jinya.

Ayarin babura ba ya tafiya da gudu ɗaya daga na farko har na ƙarshe. Jagora ya rage gudu a kwana, ya fita, ya murɗa totur. Na biyu sai ya ga an ba shi rata sannan ya ƙara wuta, na uku ma haka, kowa yana ɗan makara, makarar tana taruwa tana komawa baya. A gudun kilomita 80 a sa'a, babur yana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Jinkirin daƙiƙa biyar kacal, an bar na ƙarshe da fiye da mita 100, kuma ba shi da hanyar cimma ayari sai ya fi jagora gudu. Ka ga ke nan wanda ya fi kowa ƙarancin gogewa shi aka tilasta wa gudun da ya fi na kowa, hankalinsa a tashe, yana tsoron kada a ɓace masa, yana kuma jin kunyar a ce shi ke ja wa mutane lokaci. Birki kuwa ba ruwansa da kunya: in gudu ya ninka biyu, nisan da ake buƙata kafin a tsaya ninkawa huɗu yake yi.

Akwai wani tsohon bincike da har yau masu koyar da tuƙin babur ba su daina ambatonsa ba, wanda Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar a 1981, bayan an bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Anjelas. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na haɗurran ba su haɗa da wata mota ba, mai babur ne shi kaɗai. A irin waɗannan, wajen kashi biyu cikin uku kuskuren matuƙin ne, galibi ya danne birki fiye da kima taya ta zame, ko ya shiga kwana da gudu ta fi ƙarfinsa ya fita daga hanya. Sannan fiye da rabin waɗanda haɗarin ya rutsa da su ba su kai wata biyar a kan babur ɗin da suka faɗi da shi ba. To wannan ai siffar mutumin da muke turawa baya ce sak.

Hanyar karkara kuma tana da nata halin. Kwalta mai kyau ce yanzu, ka sha kwana ka tarar da yashi ko tsakuwa da ruwan sama ya zubo, ko laka daga tayar tarakta, ko dabbobi suna tsallakawa, ko tudun da ba ka ganin abin da ke bayansa. Abin da ke riƙe da kai a ƙasa, wurin da kowace taya take taɓa kwalta, bai wuce faɗin tafin hannu ba. Kuma babur ido yake bi, inda ka zuba ido nan zai nufa. Sabon hannu a cikin ayari ba hanya yake kallo ba, jar fitilar na gabansa yake kallo. In na gaban ya shiga kwana da gudun da shekaru suka koya masa, shi ma sai ya bi, alhali bai san yadda aka kwantar da mashin ɗin ba.

Don haka ga yadda nake son a jera. Jagora ya zama wanda ya san hanya, mai haƙuri, mai yawan duba madubi, ba lallai ne ya fi kowa iyawa ba. Sabon hannu ya zo na biyu, inda makarar ba ta taru ba tukuna, inda kuma jagora zai ga yadda yake ya daidaita gudu da shi. Gwanin gwanaye shi ne na ƙarshe, da sifana da kayan faci da famfo da akwatin agajin gaggawa. Shi zai iya cike rata ba tare da ya firgita ba, shi zai ga wanda sarkarsa ta saki ko kayansa suka kwance, kuma in wani ya faɗi shi ne zai fara isa kansa. A miƙaƙƙiyar hanya a jera a karkace, ɗaya ta hagun layi ɗaya ta dama, tazarar daƙiƙa biyu tsakaninka da wanda ke saitinka. Da an zo kwana ko gargada a koma layi ɗaya. In kun haura bakwai, ku rabu gida biyu.

Doka ɗaya ce ta fi mini duk waɗannan: kowa na bayansa yake tsaro. In fitilarsa ta ɓace daga madubinka, ka rage gudu. Na gabanka zai ga ka ɓace shi ma ya rage, har saƙon ya isa ga jagora ba tare da an buga waya ba. A mararraba kuma mutum ɗaya ya tsaya yana nuna hanya har na ƙarshe ya iso. Da zarar mutum ya tabbata ba za a tafi a bar shi ba, dalilin gudun ganganci ya kau.

Na san abin da abokaina masu zafin hannu za su ce: mun fito mu more mashin ne, ba rakiya ba. Ban ga laifinsu ba, ni ma ina son jin inji ya buɗe. A yi yarjejeniya tun da safe, daga wuri kaza zuwa mahaɗa kaza kowa ya yi tafiyarsa daidai iyawarsa da dokar hanya, a haɗu a can. Amma a nan ne ake yin wata rashin kyautawa da ba a cika lura da ita ba. Na gaba sun iso, sun cire hular kwano, sun sha ruwa, sun miƙe ƙafa, sun gama hira. Na baya yana isowa, kafaɗa a sage, yatsu sun ƙage a kan birki, sai a ce to, mu tafi. Wanda ya fi kowa gajiya shi ne bai huta ba ko na minti ɗaya, kuma haka za a yi ta yi masa har yamma, lokacin da rana take dukan ido, hankali ya fara raguwa. Hutu daga isowar na ƙarshe ake fara ƙirga shi.

Zancen hular kwano ba sai na ja ba. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta riƙa kawowa a shekarun baya sun ce sanya ta daidai yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. A ɗaure igiyarta dai, don wadda ba a ɗaure ba tana riga mai ita isa ƙasa.

Haka lissafin mai da na lokaci. Tankin da ya fi ƙanƙanta shi zai faɗi inda za a tsaya, tunda gidajen mai a karkara ba a jere suke ba. Nisan tafiyar kuma a auna shi da wanda ya fi saurin gajiya, a juyo da sauran rana, kada duhu ya same shi a hanyar da bai sani ba da fitilar da bai taɓa gwadawa da dare ba.