Wai "ai kowa ya sani"

Kun dai ga abin da aka yi wa ƙaramar malamar nan a taron gabatar da takardu na sashen soshiyoloji, wato ilimin nazarin zamantakewa, ba sai na maimaita ba. Yarinya ta yi ta yawo a rana tana tambayar waɗanda suka gama digiri yadda suka samu aiki, wa ya kira wa, wa ya miƙa takardar wa, sai wani babba ya gyara malum-malum ya ce wai ai kowa ya san mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, ta je ta nemo wani batun. Aka kwashe da dariya. To sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe.

Kowa ya sani ɗin, wa ya rubuta? Wa ya ƙirga? A majalisar mai shayi kam kowa ya sani, amma ranar da ka ce a gyara tsarin ɗaukar aiki sai a ce kawo hujja, kuma hujjar ce take haɗawa kuka ce ta bari. Mark Granovetter, masanin soshiyoloji ɗan Amurka, shi ma yana ɗalibi a jami'ar Harvard ya fara irin wannan aikin, ya bi ma'aikata a garin Newton kusa da Boston, mujallar da ya fara aika wa takardar ta ƙi bugawa, sai 1973 ta fito. Abin da ya gano ba kowa ya sani ba: yawanci ba aminanka ne ke kawo maka labarin aiki ba, mutanen da kuke gaisawa jefi-jefi ne, domin amininka abin da ka ji shi ma shi ya ji. Yanzu ka duba ɗan talakan da daga firamare har jami'a duk wanda ya sani irinsa ne, ina zai samo mutumin jefi-jefin da ke zaune a ofis a Abuja?

A 2022 su Raj Chetty, masana tattalin arziki, sun duba bayanan mutum sama da miliyan 70 na Facebook a Amurka, suka ga yaran talakawa da suka tashi inda mai kuɗi da talaka ke abota sun fi samun abin hannu idan sun girma. Ba wanda ya ce musu ai kowa ya sani.

Masu cewa wannan ilimin Turawa ne, don Allah ku huta. Abner Cohen, masanin al'adu, a unguwar Sabo ta Ibadan ya zauna yana nazarin Hausawa 'yan shanu da goro, yadda maigida ke saukar da baƙo, ya tsaya masa a ba mahauta shanu bashi babu ko takarda, ya buga a 1969. Namu ne, baƙo ya rubuta, mu muna dariya. Masu cewa rabo ne kuma, na yarda da rabo, amma malamar nan ba rabo take aunawa ba, alfarma take aunawa.

Tsakani da Allah ta ba ni tausayi, hannunta na rawa tana tattara takardunta. Kuma na lura waɗanda suka fi saurin cewa kowa ya sani su ne 'ya'yansu ba su taɓa bin layin intabiyu ba.