Yabon da ake yi wa 'yan Asiya a Amurka yana ɓoye talakawansu

Idan aka tashi kawo misalin baƙin da suka ci nasara a Amurka, 'yan asalin Asiya ake fara nunawa: ga likitoci, ga injiniyoyi, ga Sundar Pichai da Satya Nadella, haifaffun Indiya da ke shugabantar Google da Microsoft. Yabon yana da ƙanshin gaskiya, amma a ganina illarsa ta fi amfaninsa, domin ya kwashi mutane sama da miliyan 20, masu tushe daga ƙasashe fiye da 20, ya yi musu kuɗin goro, alhali abin da ya raba su ya fi abin da ya haɗa su yawa.

Mafi yawan bambancin ya samo asali ne daga ƙofar da kowa ya shigo ta cikinta. Amurka ta haramta wa leburorin Sin shiga ƙasar da dokar 1882, kuma ba ta buɗe wa 'yan Asiya ƙofa sosai ba sai da dokar shige da fice ta 1965, wadda ta fifita masu ƙwarewa da masu dangi a ƙasar. Ta nan ne Indiyawa da yawa suka shigo riƙe da digirinsu da Turancinsu. 'Yan ƙabilar Hmong kuwa manoma ne daga tsaunukan Laos da suka yi wa Amurka yaƙi a zamanin yaƙin Biyetnam, sannan suka iso bayan 1975 a matsayin 'yan gudun hijira, da dama daga cikinsu ba su taɓa shiga aji ba, aka tsugunar da su a jihohi irin su Minnesota da Wisconsin da Kalifoniya. Haka ma 'yan Kambodiya da suka tsere wa kisan kiyashin gwamnatin Khmer Rouge ta ƙasarsu. Wanda ya zo daga jami'a da wanda ya zo daga sansanin gudun hijira ba su fara tseren daga wuri ɗaya ba, kuma har jikokinsu suna ɗauke da wannan tazara.

Binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2018 ya nuna cewa babu wata al'umma a Amurka da giɓin samu ya yi faɗi a cikinta kamar 'yan Asiya, inda masu hali na sama suke samun fiye da ninki 10 na abin da na ƙasa suke samu. Idan aka haɗa su a lissafi ɗaya, sai arzikin wasu ya rufe talaucin wasu, mai rabon tallafin karatu ko na lafiya ya tsallake yaron da ya fi kowa buƙata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda, tun shekarun 1960, ake ɗaukar wannan yabo a mayar da shi gori ga baƙaƙen fata, kamar dai bauta da wariyar da aka yi musu ba su bar wani tabo ba.

Yabon kuma bai taɓa zama garkuwa ba. A 1942 gwamnati ta tsare mutane kusan 120,000 masu tushen Japan a sansanoni, mafi yawansu 'yan ƙasa, ba ta nemi afuwa ba sai 1988. A 1982 aka yi wa Vincent Chin, ɗan asalin Sin, dukan da ya yi ajalinsa a yankin Detroit lokacin da ake jin haushin motocin Japan, ana huce haushin a kan 'yan Asiya, kuma waɗanda suka kashe shi tara aka ci su, ba a ɗaure su ba. A Maris na 2021, ana tsakiyar tsangwamar da annobar korona ta jawo, aka harbe mutum 8 a yankin Atlanta, 6 daga cikinsu mata 'yan Asiya.

Jihar New York ta yi doka a 2021 da ta wajabta wa hukumominta tattara bayanan kowace babbar al'ummar Asiya daban. Ya kamata sauran jihohi su bi sahu, musamman makarantu da asibitoci, inda ake yanke shawarar wanda za a taimaka wa.