Ƙanena a Kano yana hadda, 'yar maigidana a Aboabo tana zuba Turanci

Shekarata bakwai kenan a Kumasi, ina zaune a Aboabo, ɗan shagona na kayan waya kuma yana wajen Kejetia, kuma duk sanda aka tayar da gardamar wai tsakanin ɗan Najeriya da ɗan Ghana waye ya fi iya Turanci ni dai bakina alaikum nake yi, don musu ne da baya ƙarewa. Amma bana abun ya biyo ni har gida. Ƙanena a Kano yana shirin JAMB, nan kuma gidan da nake haya 'yar maigidan tana ajin ƙarshe a sakandare tana shirin WASSCE, wato jarrabawar WAEC ta gama sakandare, baban nata ya ce tunda na ɗan taɓa boko in dinga duba mata takardu bayan isha'i. Toh kun ga na zauna tsakanin yara biyu, dukkansu Hausa suka tashi da ita, dukkansu Turanci ne ya tsaya musu a wuya, amma ciwon kowa daban.

Da farko dai a nan Ghana babu wata JAMB. Sakamakon WASSCE ɗinka shi ne komai, da shi za ka nemi jami'ar Legon ko ta KNUST, a haɗa makin darussa shida, kuma Turanci dole yana ciki, dole kuma ka samu C6 ko sama da haka. Ka samu D7 ko da A1 ka jera a sauran, sai dai ka koma lesin ka jira ta Nov/Dec, wadda ake sake zaunawa a ƙarshen shekara. Mu kuwa a gida bayan kiredit ɗin WAEC ko NECO sai ka sake zama gaban kwamfuta, tambaya 180 cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci ne zalla, duk zaɓi-ka-danna.

Wannan zaɓi-ka-danna ɗin ina ga shi ya lalata mu. Yaron nan yana da wani littafi mai bango ja da ya cika da karin maganar Turawa tun daga farko har ƙarshe, kowanne da fassararsa a gefe, yana biya su da asuba kamar mai tilawa. Ka ce masa "let the cat out of the bag" kafin ka rufe baki ya ce tona asiri. Dokar nahawu kuwa wallahi ya fi ni, zai gaya maka dalilin da ya sa ake cewa "one of the boys is" ba "are" ba. Rannan na ce masa to Malam, turo min saƙon murya na minti ɗaya da Turanci ka ba ni labarin yadda ka wuni. Kwana biyu ina jira. Da ya turo daƙiƙa ashirin ne, rabi duk "ehm" ne, ƙarshe ya ce Yaya don Allah a bar maganar nan kunya nake ji.

Ita kuwa yarinyar nan ba ta san wata kunya ba. Turanci a bakinta kamar famfo, da shi take faɗa da yaron mota a tiroto, wato motar hayarsu, da shi take ciniki in Twi ɗinta, yaren mutanen garin, ya ƙare, don a Kumasi in ka fita daga zango ka haɗu da wanda ba ya jin Hausa dole ɗayan biyun nan ka kama. Sai ranar da aka ɗauke wuta muna zaune a baranda da fitilar waya na ce ta rubuta min insha'i, kalma 450 kamar yadda ake nema a takarda ta biyu ta jarrabawar Turanci. Layin farko na ci karo da "my mother he sells waakye". Na ce ke, uwar taki ce "he"? Ta ce Kawu ai duk ɗaya ne. Na yi dariya amma daga baya na gane ba laifinta bane, Hausar zango ba ruwanta da namiji da mace, "Mma ya tafi kasuwa" suke cewa hankali kwance, Twi ma kalma ɗaya ce da shi da ita, to daga ina za ta samo bambancin? Abun da Bakano ya samu kyauta tun yana goye, shi da ita, ya da ta, ita sai ta zauna ta koya. Ga kuma Turancin titi da ke kutsowa cikin rubutun ba sallama, ga babu aya babu waƙafi, sakin layi guda tun daga sama har ƙasa.

Amma inda Ghana ta burge ni shi ne takarda ta uku. Hukumar ɗaya ce fa, WAEC ɗin nan da aka kafa a 1952 hedikwatarta ma a Accra take, amma a Najeriya gwajin furuci a rubuce ake yinsa, a ba ka alamar sauti a ce zaɓi kalmar da ke da sauti iri ɗaya, a nan kuwa murya ake kunnawa a ɗakin jarrabawa ka saurara da kunnenka ka amsa. Ƙanena zai iya cinye tambayar "p" da "f" a takarda tsaf alhali in ya buɗe baki "pipty" zai ce maka. Ni kaina da na zo garin nan sai da wata mai siyan caja ta sa na maimaita kuɗin sau uku, ba don ba ta ji ba, don ƙawarta ma ta ji ta yi dariya.

Kar ku ɗauka su waliyyai ne. Abun da muke kira fas kwescin su "pasco" suke ce masa, kuma suna da wata magana tasu ta tauna ka zubar ka ci ka manta, wato haddar nan dai tamu ce da wani suna. Satar amsa ma akwai, mu mu ce "expo" su su ce "apor".

Ni dai in aka ce in zaɓa, matsalar yarinyar zan ɗauka. Wanda yake magana yana kuskure kana da abun gyarawa, cikin wata biyu da jan biro "he" ɗin nan ya ragu sosai, amma wanda ya kulle bakinsa da dokoki a ciki ta ina za ka fara? Kuma karin magana ba a haddarta a jere, wannan kam na gani da idona. Wani dare na ce mata kar ki yi min ƙafar ungulu a lissafin nan, sai yarinya ta sunkuya tana kallon ƙafarta. Hausa ce fa yarenta na gida, ta san ƙafa ta san ungulu, amma ba ta taɓa zama inda ake faɗin maganar ba. To haka ƙanena yake da kyanwarsa da buhunsa, ranar da JAMB ta sako maganar cikin dogon labari ko ta kawo wadda ba ta cikin jan littafin sai ya tsaya yana canki-canka, lokaci kuma yana tafiya a saman kwamfuta.

Abun da na yi yanzu, ina karɓo tsofaffin Daily Graphic wajen wani maƙwabcin shagona, ita ta karanta shafi ɗaya da ƙarfi ta taƙaita min shi a jimla biyar a rubuce, shi kuma in ɗauki hoton shafin in tura masa ya karanta a saƙon murya. Na haɗa su a WhatsApp da izinin babanta, ita tana kama shi a "p" da "f", shi yana kama ta a "he" da "she". Jiya ya turo na minti uku cur, ita kuma ta saurara ta ce Kawu gaya masa ya yi ƙoƙari, amma har yanzu "fefa" yake cewa maimakon "paper".