Awa 3 da minti 48

Kun san dai yadda aka yi ranar sa ranar ƙanena. Gidan Alhaji a Birni, kuran, wato wutar lantarki, ya tafi tun hantsi, kawun yarinyar da ke Tamanraset ta ƙasar Aljeriya ya kafe sai an yi maganar a kan idonsa, ta kiran bidiyo. Aka ce ai ga mai gyaran kwamfuta a dangin ango. Na buɗe tawa a zaure, Alhaji ya leƙo ya ce, "Ɗana, abin nan zai kai mu?" Na ɗora kibiya kan alamar batir: kashi 80, saura awa 3 da minti 48. Na karanta masa da ƙarfi, har da mintocin, a gaban dattawa.

A bar ni in yi bayani nan, tunda ranar ba wanda ya bari na buɗe baki. Cikin batirin akwai 'yar na'ura mai ƙirga cajin da ya shiga da wanda ya fita, tana kuma auna bolt da zafi. Ita ke gaya wa Windows abin da ya rage. Windows kuwa rabawa kawai take yi, abin da ya rage a kan abin da ake sha a daidai lokacin. Batirina yana da'awar 38,000 mWh in ya cika (mWh ma'aunin cajin batir ne, 1,000 ɗinsa na ba da wat ɗaya na tsawon awa guda), kashi 80 ɗinsa 30,400 ke nan. Sa'ad da na duba allo a dushe yake, ba abin da ke aiki, wat 8 kacal take ja. Ku raba da kanku ku gani.

Sai aka kira. Dattawa suka ce ba sa gani, na kai hasken allo ƙarshe. Kyamara ta kunnu, lasifika ta ƙure, intanet na zuwa daga wayata. Wani mai son girmama baƙo ya ɗauki kwamfutar ya ɗora ta kan matashin fata, ya toshe mata inda take shan iska, a zafin Afrilu na Damagaram da ke wuce digiri 40. Fanka ta kama kuka. Wat 8 ya koma wajen 25, wanda ko a haka akwai awa ɗaya da 'yan kai, ta ishe mu.

Abin da ban gani ba shi ne ɗan baffan amarya, mai baƙin tabarau ɗin nan, wanda ya zauna a gefena yana ta "ranka ya daɗe injiniya". Ashe wayoyinsa biyu ya soka ta ƙarƙashin hannun rigarsa. Kowace kafar USB mai shuɗin ciki tana ba da bolt 5, amfiya 0.9, wato wat 4.5. Biyu wat 9. Shi kaɗai yana shan abin da ya fi na kwamfutar gaba ɗaya lokacin da take hutawa. Mutumin nan tun bara na canza masa gilashin waya, jika biyu, kullum "gobe in Allah ya kai mu". A fada in an zuba shayi shi ke fara miƙo hannu, ranar karo-karon sukari kuwa ba ya gari.

Gaisuwa kaɗai ta ci kusan rabin awa, don kowane dattijo sai ya matso ya tambayi kawu ya sanyin can, ya iyali, ya baƙunta. Wani yaro ɗan lakwal ya tsaya a bayana yana karanta wa jama'a kason batir kamar mai shelar farashi a kasuwar Dole: "Sittin! Hamsin da biyu! Arba'in da ɗaya!" Liman ya buɗe da addu'a. Kawu ya gyara rawani, ya matso da fuska, ya ce, "To jama'a, ni sharaɗina guda ne." Yaron ya ce, "Shida!" Allo ya yi baƙi.

Zauren ya yi tsit. Dattawa goma sha suna kallon fuskokinsu a cikin baƙin gilashi, ni ma ina ciki, a tsakiya. Na danna maɓalli, na sake dannawa, na busa mata iska, ni da nake hana masu kawo gyara yin haka. Alhaji bai ɗaga murya ba, ya ma gama tauna goronsa tukuna. Ya ce, "Ɗana, awa ukun nan, a agogon wane gari ne?" Liman ya ce watakila na Aljeriya. Na ce a'a Malam, ai lokacinmu ɗaya da Aljeriya. Nan ne dariyar ta fashe, har mata daga cikin gida suka aiko a ji me ya faru. Aka maimaita musu, muka jiyo tasu dariyar ta biyo baya.

Tsalle daga 41 zuwa 6 ba aljani ba ne. Batirin ƙwayoyi uku ne a jere, kowace bolt 4.2 in ta cika, wajen 3 in ta ƙare. Ɗaya ta tsufa, kuma da an ɗora mata nauyi sai bolt ɗinta ya faɗi. Na'urar ƙirga tana ganin haka ta watsar da tsohon lissafinta ta bi bolt. Windows kuma da ta kai kashi 5 take kwantar da kwamfuta, ba ta shawara da liman.

Mai son ganin gaskiyar nasa batirin ya rubuta wa Windows umarnin powercfg /batteryreport. Zai ga ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da wanda yake ɗauka yanzu. Nawa 45,000 da 38,000 ya nuna, amma na biyun tsohon zance ne, don batirin da kullum yake jone ba ya sauka ƙasa balle na'urar ta sake auna shi. Sai an cika shi, a bar shi ya zube har ta mutu, a sake cikawa ba yankewa, in kuran ya yarda. Da na yi, 24,000 ya fito. Wannan ba ya ƙara wa batir komai, lissafin kawai yake gyarawa. Apple ma a Disamba 2016 cire awannin nan ta yi daga kan allon Mac, ta bar kaso.

A wayar mai tabarau aka ƙarasa kiran, wadda ta ƙoshi da cajina. Alhaji har albarka ya sa masa, wai yaro mai shiri. Sharaɗin kawun ashe a sa biki bayan girbi ne, abin da kowa ya riga ya yarda da shi. Jika biyun kuma jiya ma na gan shi a Zango, ya ce ba canji a jikinsa.