Kayan tagullar Benin na fadar Oba ne, can ya kamata su koma

Duk sanda aka ce Turawa sun dawo da wasu kayan tarihin Benin sai ka ji wasu daga cikinmu suna cewa to ai gumaka ne, mu ina ruwanmu. Ni kam ina ganin da ruwanmu, kuma ba sai ka yarda da abin da mutanen Edo suke bautawa ba kafin ka gane cewa fashi aka yi musu, fashin ma da rana tsaka.

A fara da sanin me kayan nan suke. Idan Oba, wato sarkin Benin, ya rasu, magajinsa ne zai sa maƙeran fada, waɗanda har yau zuriyarsu na nan a layin Igun cikin birnin Benin na jihar Edo, su ƙera kan tagulla don tunawa da shi. Da kakin zuma ake fara siffanta kan, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya zube, sannan a ɗura narkakkiyar tagulla a gurbinsa, shi ya sa ba za ka taɓa samun biyu iri ɗaya sak ba don sai an fasa yumɓun kafin a fito da kan. Sai a ɗora shi kan dakalin kakanni a cikin fada, a kafa hauren giwa da aka sassaƙe da hotunan sarakuna da mayaƙa a ramin da ke tsakar kan. A gaban wannan dakalin sabon sarki yake yanka, yake neman albarkar ubansa, kuma a wurinsu nan ne sarautarsa take samun gindin zama. Su mutanen Edo sun ɗauki kai a matsayin mazaunin rabon mutum da hankalinsa, kan sarki kuwa rabon ƙasa gaba ɗaya ke cikinsa. Ka ga ke nan abin yana da aikin da yake yi, ba don a tsaya a ce kai ya yi kyau aka ƙera shi ba.

Haka fuskar nan ta hauren giwa ta Idia, mahaifiyar Oba Esigie da ya yi mulki a ƙarni na 16, wadda tarihinsu ya ce da dabararta da asirinta ɗanta ya ci yaƙin Igala. Ba a fuska ma ake sa ta ba, a ƙugu Oba yake rataya ta lokacin bukukuwan tsarkake gari. Ka dube ta da kyau, an dasa baƙin ƙarfe a goshinta, a saman kanta kuma an jera kawunan Turawan Fotugal da gemunsu, wato alamar cinikin da ya kawo wa Benin arziki. Ita ce Najeriya ta zaɓa ta zama tambarin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977 a Legas, aka roƙi gidan tarihin Birtaniya ya ba da ko aro ne, suka ƙi, dole aka sa masassaƙa suka yi kwafinta. Mai abu yana roƙon aron abinsa a hana shi, wannan wulaƙancin ya isa.

Yadda suka fita kuwa sananne ne. A watan Janairun 1897 aka kashe James Phillips, wani jami'in Birtaniya, da mafi yawan ayarinsa a hanyar Benin, wata na zagayowa sojojin Birtaniya kusan 1,200 ƙarƙashin Harry Rawson suka afka wa birnin, wuta ta cinye fada, aka kwashe dubban kaya, aka kai Oba Ovonramwen gudun hijira Kalaba inda ya rasu a 1914. Aka yi gwanjon kayan a Landan, suka watsu Jamus da Amurka da sauran wurare, gidan tarihin Birtaniya kaɗai yana riƙe da wajen 900.

Yanzu dai an fara motsi. Jamus ta sa hannu a 2022 ta miƙa mallakar kaya sama da 1,000, Holan ta dawo da 119 a 2025. Amma da Buhari ya fitar da sanarwa a 2023 cewa Oba ne mai kayan kuma shi zai adana su, sai hayaniya ta tashi a Turai, wai an ɗauki dukiyar jama'a an damƙa wa mutum ɗaya. Nan ne nake ganin har yau ba su fahimci abin da suka ɗauka ba. Daga ɗakin wa aka cire su? Lokacin ma babu ƙasar da ake kira Najeriya, sai 1914 aka haɗe ta. Ka ɗauka an shiga fadar Daura an ɗauke takobin da ake cewa na Bayajidda ne, bayan shekara ɗari a ce za a dawo da shi amma da sharaɗin kada ya koma fada, wane Badauri ne zai yarda?

Masu cewa an zubar da jinin mutane a wuraren tsafin Benin, kuma masarautar ta yi cinikin bayi, ba ƙarya suke ba, kuma zuriyar bayin da ke neman a ji ta bakinsu suna da hujja, ya kamata fadar ta saurare su. Sai dai wannan bai mayar da kayan halak ɗin wanda ya zo da bindiga ba. Masu tsoron kayan su ɓace ko su lalace su ma damuwarsu na kan hanya, mun san halin gidajen tarihinmu, mun ga yadda aka yi ta tone kayan yumɓun Nok a kudancin Kaduna da na Katsina da Sakkwato a shekarun 1990 ana fita da su ta ɓarauniyar hanya, wasun mu ma da hannunsu a ciki. Maganin wannan shi ne a lissafa kowane kaya, a ɗauki hotonsa, a gina wurin ajiya mai tsaro kusa da fada wanda ɗalibi daga Kano ko Zinder zai iya zuwa ya gani ba sai ya nemi biza ba, waɗanda na dakali ne kuma a bar masu su su yanke inda za su zauna.

Gidan tarihin Birtaniya kullum dokar 1963 yake fakewa da ita, wai ta hana shi rabuwa da kayan da ke hannunsa. Majalisarsu ce ta yi dokar, ita za ta iya gyara ta, kuma ya kamata gwamnatinmu ta riƙa ɗaga maganar a duk zaman da za ta yi da Landan.